Bin Sawun Ƙurajen Yara daga Kurmin Kogi zuwa Kudan

Ranar Laraba, ina sallame Asuba, na hau bayan babur daga Kurmin Kogi. Ƙuraje ne suka feso wa yaranmu a baki da tafin hannu da ƙafa, har da jikata Saudatu. Dattawa suka ce boru ne, ciwon baki da kofaton shanu, wai ta nonon Inna Jumma ya shigo, Bafulatanar da ta tsufa tana kawo mana nono. Mai unguwa ya umarce ni, da yake ni ne ladan, in sanar ranar Juma'a an hana ta shiga gari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakin da ke kiran salla ba zai yanke wa baiwar Allah abinci bisa zato ba. Ba ni kwana biyu."

IKARA DA MAKARFI

Ƙarfe bakwai ina Ikara. Wani malamin asibiti ya ce, "Baba, ka nufi Kudan, ka nemi Malama Rakiya. Ita ke ɗibar yawun yara tana aikawa birni a bincika."

Motar Makarfi ba ta cika ba sai tara da rabi. Direba ya ji labarina ya kwashe da dariya. "Malam, duk wannan wahala a kan nono?"

"A kan haƙƙi, ɗana. Dubi hanya."

Na sauka Gazara wajen Malam Sabo, abokin karatuna. 'Ya'yansa uku duk da ƙurajen, alhali rabon gidan da nono tun kafin azumi. Na rubuta wannan da ajami. Muka ci tuwon masara, na kwana.

KUDAN

Alhamis ƙarfe goma, bayan na wuce shingen 'yan sanda biyu da gonakin rake, na sami Malama Rakiya a asibiti, na faɗa mata abin da ke tafe da ni.

Ta ce, "Baba, ba ruwan saniya. Ƙwayar cutar a hanjin mutum take zaune, ta yawu da bayan gida take yawo. Dangi gare ta da yawa, kuma tana sauya kama. Ka taɓa kwafe littafi?"

"Tun ba a haife ki ba."

"To ita ma kwafe kanta take yi, nan ta tsallake baƙi, can ta ƙara. In iri biyu suka haɗu a cikin yaro ɗaya, sai su yi musayar shafi. Shi ya sa wanda ya yi bara yana iya sakewa bana."

Na ce Allahu Akbar. Na san yadda kuskuren mai kwafi ɗaya ke zama karatun gari guda.

GIDA

Na iso da la'asar. Juma'a bayan salla na miƙe na faɗi abin da na jiyo: a wanke hannu da sabulu, yara su daina shan fura da ludayi ɗaya.

Mai unguwa ya ce, "Ba wannan na sa ka ba. In wani yaro ya sake kamuwa fa?"

"Zai kamu, ranka ya daɗe, ko an kori shanun duniya. Waccan sanarwar kuwa, a nemi wani ladanin."

Babu wanda ya tashi ya yi ta.

Washegari Inna Jumma ta sauke ƙwaryarta a ƙofar masallaci, mutane na kallo daga nesa. Na zauna na ce, "Dama mini, Inna, ki cika." Ban kai rabi ba liman ya tsuguna kusa da ni yana tambaya ko da saura. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni.