Liatu da Rulolin da Gara Ta Ci

Shekara goma sha tara Liatu ta yi tana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandaren 'yan mata a Gwallaga. Kullum daga Miri take hawo acaɓa, ta share ɗakin, ta jera kaya kafin a buga ƙararrawa. Takardar sakandare kawai gare ta, amma malaman fiziks shida sun zo sun tafi a gabanta, kuma duk abin da suka koyar ya shiga kunnenta tana wankin kwalabe.

Na bakwai shi ne Malam Nu'uman, mai sabon digiri na biyu.

Ranar da zai koya wa 'yan aji biyar gano nauyin abu ba da sikeli ba, Liatu ta raba wa kowane benci rula mai mita ɗaya, da ƙarfen giram hamsin, da noti iri ɗaya.

"Ku ɗora rular a kan tsinin katako, daidai lamba hamsin," in ji shi. "Ƙarfe a hagu, noti a dama. Ku yi ta matsawa har ta tsaya cak. Nauyi sau nisa na hagu daidai yake da na dama."

Wani benci ya sami sittin da biyar, wani saba'in da uku. Nu'uman ya hau su da faɗa, yana kiransu daƙiƙai. Liatu kuwa ta san inda gizo ke saƙar: gara ta ci bakin rulolin a sito, tsakiyar nauyinsu ta bar hamsin tuni. Ta matso, ta sassauta murya.

"Malam, da an bari sun fara nemo inda rular ke daidaita ita kaɗai."

"Ke a wa?" ya ce da ƙarfi. "Ga tsintsiyarki can."

Washegari aka miƙo mata takardar tuhuma: ta shiga aikin da ba nata ba. Cikin ɓacin rai ta kwashi kayan, ta faɗa ofishin shugabar makaranta, Hajiya Lailatu, ko sallama babu. Nu'uman na zaune a ciki.

Ta ɗora rular ita kaɗai. Sai a hamsin da uku ta tsaya. Ta rataya ƙarfe da noti, ta auna nisan kowanne daga nan.

"Hamsin sau talatin da biyu, a raba da ashirin. Tamanin. Hajiya, a kawo sikeli!"

Aka kawo. Tamanin cif.

Hajiya Lailatu ta yi gyaran murya. "Kina da gaskiya, Liatu, amma ki yi haƙuri. Ba a gyara wa malami a gaban ɗalibai."

"Su yaran da aka zaga a banza fa? Wa zai ba su haƙuri?"

Takardar tuhumar ta zauna a fayil ɗinta, ƙarin girman shekarar ya tsallake ta.

A makon ta sayi jan farce, ta bi rulolin nan talatin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗiga alama a inda kowacce ke daidaita. Yanzu Nu'uman da bakinsa yake ce wa ɗalibai su fara daga jan ɗigon, kamar shi ya ƙirƙiro. Liatu na ji daga bakin famfo. In ya gaishe ta, ruwa take ƙara wa ƙarfi.