Gwaggo da Haƙorin da Ya Bushe

Shekara goma sha tara gwaggona ta yi tana yanka haƙora a ɗakin bincike. Waɗanda likitoci suka cire ake kawo mata cikin kwalba. Sai ta sa ƙaramin zarto ta fitar da yanki siriri kamar ɓawon albasa, ɗalibi ya kai ɗakin na'ura. Can ake haska shi, layuka su fito a allo suna nuna yadda ruwa yake zaune a cikinsa.

"Ruwa a haƙori, Gwaggo?" na taɓa tambayarta.

"Ɗan nan, kana ganinsa kamar dutse, amma a jiƙe yake."

Bara layukan suka rikice. Yankin da ta yi da safe ya ce gabas, na rana ya ce yamma. Farfesan da ke shugabantar ɗakin ya kira ta ya ce, "Malama, ko hannun ya fara rawa ne? In abin bai gyaru ba zuwa Alhamis, sai ki koma wankin kwalabe, mu nemo wani."

Washegari Gwaggo ta yanka, ta ɗora a faranti, ta miƙa wa ɗalibin, wani dogo da ake kira Sarkin Zance, ta bi bayansa tana duba agogo. Ya tsaya wajen mai gadi. Ya tsaya wajen mai shara yana ba shi labarin ƙwallo, faranti a buɗe, fanka na kaɗawa. Minti tara kafin yankin ya isa na'ura. A zuwa na biyu babu kowa a baranda, minti ɗaya ya yi.

"Sarkin Zance," ta ce, "kai kana ta zuba, haƙorin yana ta bushewa."

"Haba Gwaggo, gaisuwa ma laifi ce?"

"Kai kayan tukuna, ka dawo ka gaida har bango."

Ta samo ƙaramin gwangwani mai murfi, ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a ciki. Ranar Alhamis yanki biyar suka shiga na'ura, layukan suka hau kan juna kamar an zana da hannu ɗaya.

Farfesa ya gyara tabarau. "Me aka canja?"

"Murfi muka sa, ranka ya daɗe," in ji ta.

Dogon ya sunkuyar da kai, da kansa ya faɗi sauran. Farfesa ya miƙe ya buɗe mata ƙofa.

"Ki yafe ni, Malama. Koma kan zartonki."