Idanunki Kawai Muka Sani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, ana shirin shiga aji, labari ya iso mana cewa Allah ya karɓi ranki, Malama. Cutar numfashin da kika yi ta kare mu daga gare ta, ita ce ta zama ajalinki.

Ni ɗalibarki ce a ajin koyon aikin likita, kuma har kika koma ga Allah ban taɓa ganin fuskarki gaba ɗaya ba. Wannan ne yake ci mini rai. Annoba ta riga ta shigo lokacin da aka kawo ki ki koyar da mu a ɗakin masu ciwon ƙirji. Daga ranar da kika zo, takunkumi bai taɓa sauka daga fuskarki a gabanmu ba. Ko abinci, sai kin rufe ofis kike ci.

Mu kuwa a takarda babu abin da ba mu sani ba game da takunkumi, amma a haɓa muke rataye shi, kamar don ado aka ba mu. Sai kika mai da bakin ƙofa wurin tsayuwarki kowace safiya. Duk wanda ya zo da hanci a waje, sai ki tare shi ki ce, "Ɗana, hancin nan na maƙwabta ne, ko naka?" Ya gyara yana dariya, ke kuma ki sa yatsu biyu ki matse masa ƙarfen takunkumin a kan karan hanci.

Ranar da tabarauna ya yi ta hazo har na kasa ganin jijiyar wani dattijo, na kusa kuka. Ba ki yi mini faɗa ba. Filasta kika yanko kika liƙa mini a saman takunkumin, kika ce in sake gwadawa. Da igiyar takunkumi ta yanke mana bayan kunnuwa, ke kika ɗinka mana maɓallai a huluna da hannunki, mu riƙa maƙalawa a can. Fushinki a gira muke gane shi, murmushinki kuma a gefen ido.

Da kika kwanta ciwo, ta gilashi muka hango ki, robar iska ta rufe miki baki da hanci. Kin ɗaga mana hannu. Jana'iza ma ba a bar mu mun je ba.

Jiya na je gidanku gaisuwa. 'Yarki ta miƙo mini hoto ta ce, "Ga Mama." Na ga wata mata kyakkyawa tana dariya, da wushirya, amma ban san ta ba. Kunya ta kama ni. Sai na sa tafin hannuna na rufe rabin hoton daga ƙasa, sai ga ki kina kallona. A nan kukan da na yi ta riƙewa ya ƙwace mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki. Allah ya ba su haƙurin rashinki, mu ma ya ba mu. Allah ya jiƙanki, Malama, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Ya haɗa mu a Aljanna, in ga wannan dariyar da idona.