Allon da na zaɓa wa tekun da ban taɓa gani ba

Shekarun baya, lokacin ina direban gida a Riyad, na taɓa zaɓa wa mutum allon wasan teku, ni da ban taɓa ganin teku ba sai a waya. Maganar ta daɗe da wucewa, amma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ni ɗan Yawuri ne. A bakin kogin Kwara aka haife ni, mahaifina masassaƙin jiragen ruwa ne, ƙarar gizagonsa ce ke tashinmu da safe. Na iya iyo tun kafin in iya ɗaure wando. Sai ga ni a garin da sai ka yi awa huɗu kana gudu a mota kafin ka ga ruwan da ya wuce na tanki. Ɗakina yana jikin ƙofar gida, ta waje. Gado ne da na'urar sanyaya ɗaki da wata 'yar taga mai kallon katanga.

Mutanen gidan ba mugaye ba ne, kada in ɗauki alhakinsu. Abinci na zuwa, ana sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, a kan lokaci. Kawai dai ba sa ganina ne. Sai da na yi wata bakwai mai gidan yana kirana da sunan direban da ya gabace ni, ni kuma ina amsawa. Akwai ranakun da in ka cire salla, duk abin da bakina ya furta bai wuce "tayyib" da "hadir" ba, wato "to" da "an gama". Da farko ina da aboki ɗaya a unguwar Manfuha, in na samu Juma'a sai in je mu ci tuwo mu yi Hausa har muƙamuƙi ya gaji. Daga baya kamfaninsu ya mayar da shi wani gari, shi ke nan. In an kira ni daga gida aka ce yaya zama, amsata ɗaya ce: lafiya lau. Wankin mota kuwa nakan ja shi da gangan, don kawai in ji ƙarar ruwa yana zuba.

Mai gidana yana da wani wasa da ban taɓa jin labarinsa ba sai a can. Mutum zai tsaya a kan allo a cikin teku, a ƙugunsa an ɗaura igiyoyi masu tsawo, igiyoyin suna riƙe da wata ƙatuwar laima da iska ke ɗagawa sama. Iskar ta ja laimar, laimar ta ja mutum, ya yi ta gudu a kan ruwa. Duk bayan 'yan makonni sai in kai shi filin jirgi da doguwar jaka, ya tafi bakin Bahar Maliya. In ya dawo ni ke wanke kayan. Yashi na zubowa daga jakar, igiyoyin sun yi fari da gishiri. Ban ɓoye muku ba, na taɓa lasar yatsana don in ji ɗanɗanon ruwan.

Wata rana da yamma ina wanke tsohon allonsa, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na kifa allon, na ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsu, na kara kunne. Ashe yana tsaye a bayana.

"Me kake saurare?" ya ce.

Da guntun Larabcina na ce masa mahaifina jirage yake sassaƙawa, haka yake jin ko itace ya yi rami a ciki.

"Wallah? Jirgin ruwa? Da hannu?"

Ya tsaya ya yi mini tambayoyi sun fi goma. Wane itace, kwana nawa, mutum nawa jirgin ke ɗauka. Shekarata biyu da wani abu a gidan, ranar ce ta farko da wani ya tambaye ni abin da ba hanya ba. Na koma ɗaki ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Washegari ya ce in kai shi wani shagon kayan wasanni a arewacin gari. A hanya ya yi mini bayani. Ya gaji da wasa a ruwa mai kwanciya, yana son ya fara hawan manyan igiyoyin ruwa, kuma wannan sai da wani allo daban mai hanci da wutsiya. Da muka isa na gyara kujera zan kishingiɗa kamar kullum, sai ya ƙwanƙwasa gilashi. "Yalla, fito. Kai ne ɗan masassaƙi."

Allo uku mai shagon ya jera mana a ƙasa. Ya dafa wani ɗan siriri mara nauyi, hancinsa ya ɗaga sama, cikinsa ya lanƙwashe kamar ayaba. Ya ce wannan shi ne na iska mai ƙarfi da igiyar ruwa mai tsayi. Mai gidana ya juyo wurina. "Kai me ka gani?"

Ni kuma me na gani? Na ga abin da ko akuya ba za ta tsaya a kansa ba. A wurinmu jirgi mai kyau shi ne mai faɗin ciki, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda mace za ta shiga da buhun shinkafa da goyo bai ko girgiza ba. Mahaifina in ya gama jirgi, ƙwarya yake cikawa da ruwa ya ajiye a tsakiya ya tura shi cikin kogi, in ko ɗigo ya zuba to aiki bai ƙare ba. Sai na durƙusa a gaban na ukun, wanda ya fi su tsawo da faɗi da kauri, cikinsa a miƙe. Na shafa shi, na ƙwanƙwasa, na ɗaga na duba gefensa da ido ɗaya. Duk salon mahaifina na kwaikwaya, har da gyaɗa kai. Na ce wannan ne, wannan ba ya kifewa.

Mai shagon ya ce wannan na ranar da iska ba ta da ƙarfi ne da ƙananan igiyoyin ruwa. Na ce masa mu a kan ruwa aka haife mu. Ku ji fa, ni da rabona da kogi shekara biyu, ina gardama da mutum a kan sana'arsa.

Mai gidana ya yi dariya ya ce a naɗe masa nawa zaɓin. A mota ya ƙara da maganar da ta gama da ni. Ya ce, "In allon nan ya yi kyau, tafiya ta gaba da mota za mu je. Kai za ka tuƙa, ka ga ruwan da idonka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kira gida. Mahaifiyata ta miƙa wa mahaifina wayar, na kwashe labari na ba shi har da ƙari. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ruwan can wane iri ne?"

"Teku ne, Baba."

"Ka taka shi?"

"Na gan shi a waya."

Ni kuwa na san me tambayar ke nufi. Mahaifina bai taɓa karɓar aikin jirgi yana zaune a rumfarsa ba. Ko daga ina mutum ya zo, sai ya bi shi har mashiginsu, ya naɗe wando ya shiga ruwan, ya wuni yana kallon yadda yake tafiya, inda yake juyi da inda duwatsu suke. Sai ya dawo sannan ya zaɓi itace. Sau da yawa ni ke riƙe masa takalmi.

"Ni ban taɓa sassaƙa wa ruwan da ban taka ba jirgi," ya ce. "Ka koma ka gaya wa mutumin nan ba ka sani ba. Ransa zai ɗora a kai."

Na ce to, Baba.

Kwana biyar suka rage kafin tafiyarsa. Kullum da safe ina goge mota ina haɗa jimlar a raina, in ya shigo ya zauna sai in ce "sabahul khair" in tayar da mota. Tsoro nake ji, amma ba tsoron kora ba. Tsoron in buɗe baki ya koma kirana da sunan wani, tafiyar teku kuma ta bi iska. Na riƙa lallashin kaina da cewa ai ruwa duk ruwa ne. Da hannuna na sa allon a jaka, da hannuna na sauke shi a filin jirgi.

Kwana huɗu ya ce zai yi, a na biyu aka kira ni in je in ɗauko shi bayan la'asar. Ya fito hannunsa na dama a rataye a wuya, saman girarsa da ɗinki. Wani ma'aikaci na turo doguwar jakar a bayansa.

A kujerar baya ya kira wani abokinsa yana ba shi labari, ni kuma ina tsintar abin da kunnena ya iya ɗauka. Iska ta yi ƙarfi. Allon ya yi masa girma, yana ta tsalle a ƙarƙashin ƙafarsa ya ƙi juyuwa. Da ya gangaro daga kan wata babbar igiyar ruwa, hancin da bai ɗaga ba ya nutse, ya wurgar da shi, laimar ta ja shi a cikin ruwa har kafaɗarsa ta goce. Wasu ne suka fito da shi.

Da ya ajiye wayar na dube shi ta madubi. Na ce, "Ya mai gida, ni ban taɓa ganin teku ba."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ina da amsa, amma Larabcina na mota ne: dama, hagu, tsaya, jira. Ba ni da kalmomin da zan ce masa a shekara biyu kai ne ka fara tambayata ra'ayina, na kasa mayar da tambayar hannu wofi. Sai kawai na ce ya yi haƙuri. Ya ce "khalas," wato shi ke nan, ya juya yana kallon titi.

Bai kore ni ba, bai sake tayar da maganar ba. Da kafaɗarsa ta warke na mayar da shi shagon ya ɗauki ɗan siririn nan, ni kuma na jira a mota. Maganar tafiya da mota ba ta sake fitowa ba. Babban allon aka jingine shi a wani ɗan sito da ke manne da ɗakina. Shekara ɗaya da rabi muna maƙwabtaka, ni da shi, bango ɗaya tsakaninmu, duk mu biyun an kawo mu inda ba ruwa. A wannan lokacin ne kaɗaici ya fi cina, domin yanzu na san yadda ake ji in an yi hira da kai.

Ranar da zan dawo gida gaba ɗaya, ya fito har ƙofa, ya kira ni da sunana na gaskiya. Ya ce ya sa an haɗa allon da kayana. "Ka kai wa mahaifinka, ya gani." Ban san ko kyauta ce ko tuni ba, na dai karɓa. A jirgi na ce yau dai zan ga Bahar Maliya ko daga sama ne. Sai aka ba ni kujerar tsakiya, mai ta taga kuma ya ja murfi ya yi barcinsa.

Kwana biyu da isata mahaifina ya ce a fito masa da abin. Ya kifa shi, ya ƙwanƙwasa, ya bi cikinsa da tafin hannu daga hanci har wutsiya. Ya saɓa shi a kafaɗa muka gangara bakin kogi. Ya naɗe wando, ya cika ƙwarya da ruwa ya ɗora a tsakiya, ya tura shi a hankali. Allon ya tafi sumul a kan Kwara, ko ɗigo bai zuba ba.

Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana kallonsa. Can ya ce, "Ashe ka iya zaɓe. Wannan na ruwan nan ne." Ya juyo ya dube ni. "Ba mutumin ka zaɓa wa ba, gida ka zaɓa wa. Shekara huɗu kana ce mana lafiya lau."

Na sunkuya kamar ina wanke fuska, na daɗe ban ɗago ba.

Allon yana nan a rumfar mahaifina, a kansa yake jera kayan aiki. Har yau ban ga teku ba, kuma na daina jin zafin hakan. Abin da bai sake ni ba shi ne ɗinkin nan na saman gira. Mutum ya kusa rasa ransa saboda na kasa cewa ban sani ba, kuma na kasa ne saboda na kasa cewa kewa ta ishe ni. Yanzu in aka tambaye ni abin da ban taka ba, ina faɗa tun kafin a gama tambayar.

Ƙanena yana can yanzu, shi ma direban gida ne, a unguwar Suwaidi ta Riyad. Duk Juma'a nake kiransa. In na ce yaya zama ya ce lafiya lau, ba na ajiye wayar. Sai in gyara zama in sake tambayarsa.