Falon Hajiya Babu Kowa

A unguwar Dokki muke zaune, can ƙasar waje, a farkon shekarun tamanin, lokacin Baba yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarmu. A benen da ke samanmu akwai wata tsohuwa Bajamushiya, ita ta koya mini zane da fentin ruwa. Da za ta koma ƙasarsu ta bar mini wani zane da ƙanenta ya yi bayan yaƙin duniya na biyu: zauren tashar jirgin ƙasa, babu mutum ko ɗaya, sai matakala da hasken da ke zubowa ta fasasshen rufi. Na rataye shi saitin gadona. Nakan yi ta kallonsa har in ji sanyin daɓen a tafin ƙafata.

Wata Juma'a matar maigidan Baba a wurin aiki, wadda muke kira Hajiya, ta zo mana yini. Hajiya ta leƙa ɗakina, ta yi ta yabon zanen. A wurinmu babba ba ya yaba abu a gidan na ƙasa da shi a bar shi ya tafi haka. Umma ta sauke shi da hannunta ta ba ta, ba ta kalle ni ba. Bayan baƙuwar ta tafi ta ce mini ma'alish, in yi haƙuri, takarda ce.

Da salla muka je gaisuwa gidan Hajiya a unguwar Zamalek. Firam ɗin zanen yana bango, hoton Alhaji mijinta a ciki. Takardar kuma an shimfiɗa ta a faranti ƙarƙashin kofunan shayi, matakalar ta narke ta koma ruwan toka. Hajiya ta ce ai babu komai a ciki, ɗaki ne kawai.

Na shanye shayin, ina ƙare wa falonta kallo. Falon nan shi ne alfaharinta: dardumai, kujeru masu ruwan zinariya, kabad cike da tangaran.

Da na koma gida na zana shi, tagoginsa da ginshiƙinsa daidai, yadda ba mai kasa gane shi. Na kwashe dardumai da kujeru. Na bar shatin kabad a bango da ƙusoshi tsirara, na sa hasken la'asar yana kwance a ƙasa kamar an gama zaman makoki an watse. Ban taɓa yin zane mai kyau kamarsa ba, kuma ban yi shi da kyakkyawar niyya ba.

Ranar da matan ofishin suka taru a gidanta na durƙusa na miƙa mata. Ba a mayar da kyautar yarinya a gaban mutane. Matan suka riƙa karɓa hannu zuwa hannu, hira ta mutu. Wata ta yi a'uziyya a hankali.

Hajiya ta ce, "'Yata, ina kayana? Ina mutanen gidan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ai ɗaki ne kawai, Hajiya."

Umma ta mintsine ni a cinya har shatin ya kwana biyu. Ban motsa ba.