Jar Ƙasar Ganuwar Gabas

Duk faɗin Gobir, daga Sabon Birni har Isa, babu gidan da ya kai namu kishin tsohuwar fadar nan ta kan tudu. Kakana ne mai tsaron ƙofarta. In ya yi gyaran murya, kura a can garin Gangara sai ta yar da nama. Saboda haka da dattawa suka tashi gyaran soraye da ganuwar da suka zube, na ce ni za ni tsaya a kan aikin, a naɗa mini rawanin Sarkin Ƙofa da ba a sake naɗawa ba tun rasuwarsa. Suka ce sai sun ga kamun ludayina.

Magina na dubawa suka ce ganuwar gabas ba ruwa ne ya cinye ta ba, hannu ne ya kwashe ta. Daga ranar kowa ya zama ɓarawo a idona. Ko jaki na gani da mangala, sai na leƙa. Amma na fi zargin taubashina, ɗan gwaggona, mai ƙaton zaure.

"Taubashi, ina ka samo ƙasar zauren ga?"

"Daga Makka aka aiko min," in ji shi. "Kai dai ka cika sa ido."

Na garzaya wurin Sarkin Magina. Tsohon ya ce ƙasar fada ba ta ɓuya: ja ce, kuma da gashin doki aka kwaɓa ta. Na ja shi da dattawa uku zuwa zauren taubashi. Tsohon ya kankare bango, sai ga baƙar lakar fadama da ciyawa. Ban yarda ba, na sa ya kankare wuri bakwai.

Don in wanke kunya, na kai su gidana shan fura, har da taubashin. Muka zauna a inuwar rumbun da kakana ya gina, ina ba su labarin yadda damina ba ta taɓa tsaga shi ba. Sarkin Magina na saurare yana sosa jikin rumbun da farce. Can sai ya zaro gashi baƙi, dogo, jar ƙasa na zubowa.

Dattawa suka kalli juna. Taubashi ya ajiye ludayi, ya goge baki.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙofa, ashe kakanka ya iya gadi. Tsoron ɓarayi ya sa ya kwaso ganuwar ya kawo gida ya ajiye."