Takardar Firamare Ta Hana Babana Kabari A Gidan Ubansa

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni malamar tarihi ce a wata sakandare a Narayi, kuma ina da wani hali da nake taƙama da shi: ba na yarda da magana sai na ga takarda. Mijina har zolayata yake yi, wai ko gaisuwa aka aiko mini sai na nemi shaida. Da wannan halin na jawo wa mahaifina abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci, kuma ba haushin kaina kaɗai nake ji ba.

Babana ya yi aikin masaƙa har ya yi ritaya, ya zauna a Kamazou zuwa ƙarshen ransa. Abu ɗaya ya roƙe mu: in ya mutu a kai shi ƙauye, a binne shi a bayan gidan ubansa, inda ake kwantar da mazan gidan. Labarin da muka tashi da shi kuwa shi ne, Baba ne ɗan fari, kakanmu maharbi ne, kuma Baba ne yaron farko a gidan da ya shiga makarantar mishan. Da ya rasu aka ajiye gawarsa a asibiti kamar yadda muka saba, kafin dangi su taru su sa rana. Ni aka ba aikin rubuta tarihinsa a ɗan littafin jana'iza da ake raba wa mutane a coci. Na ce ni ba zan rubuta ji-ta-ji-ta ba, na buɗe akwatinsa na kwaso takardu. Na masaƙa duk suna ɗauke da sunan kakanmu, wanda mu ma muke amsawa. Amma a takardar gama firamare da katin baftisma, wani suna ne daban a gurbin sunan uba, sunan da ban taɓa ji ba.

Da mai hankali ce ni, da na ninke takardun na nemi wani babba mu yi magana a gefe. Mama na cikin makoki, ban so in dame ta ba. Sai na ɗauki hotonsu na tura zauren gidanmu na waya, har da rubuta cewa ina neman ƙarin bayani. A raina bincike nake yi.

Ɗan ƙanen Baba, wanda ke zaune a ƙauye yana noma filin gidan, shi ya fara kira. Ba gaisuwar mutuwa ya yi mini ba, tambaya ya yi ko takardun na hannuna. Kafin mako ya zagayo ya tara dangi ya ce gaskiya ta fito: Baba agola ne, da goyonsa kakarmu ta shigo gidan daga wani auren, kuma a al'adarmu ba a binne agola cikin mazan gida. Da yayana ya tashi zai yi musu, sai ɗan ƙanen Baban ya ɗaga waya ya ce ba shi ya faɗa ba, 'yar mamacin ce ta kawo hujja, ita da ta karanta tarihi. Kowa a wurin ya san abin da yake hari. Inda aka binne mutum, 'ya'yansa na da ƙafa a filin.

Muka juya wurin Baba ƙarami, uban yaron, wanda shi ne babba a gidan yanzu, nono ɗaya suka sha da Babana. Na durƙusa na roƙe shi ya faɗi abin da ya sani. Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa a ƙasa, ya ce shi ba ya son rigima a kan gawa, a bari abu ya lafa. Fasto ya ce ikilisiya ba ta shiga maganar filin gida. Abu bai lafa ba. Gawa na asibiti, Mama ta daina cin abinci, kullum da safe tambayarta ko an sa rana. Da yayana ya ga za mu yi biyu babu, ya yanke shawara muka binne Baba a maƙabartar jama'a a nan cikin gari, tsakanin mutanen da bai sani ba.

An fi shekara kafin na sake haɗuwa da Baba ƙarami, a wani biki a Barnawa. Ya ci ya ƙoshi, yana ta raha. Na zauna kusa da shi na ambaci sunan nan na cikin takardun. Sai ya yi dariya, ya ce ai kawunsu ne, wan mahaifiyarsu. Wai kakanmu ya rantse ɗansa ba zai je wurin 'yan mishan ba, shi kuwa kawun ya riga ya karɓi bishara, sai ya kama hannun yaro ya kai shi. Malamin makaranta a zamanin, duk wanda ya riƙo hannun yaro sunansa yake rubutawa a matsayin uba, daga nan kuma ake kwafa a katin baftisma. Ya ce duk sa'o'insu sun san haka, shi kansa sunan wani mai bishara ne a tasa takardar. Na tambaye shi me ya hana shi faɗar wannan ran da na durƙusa a gabansa. Ya ce ya tsufa, ɗan nan nasa ke kula da shi, kuma ƙasa duk ƙasa ce. Ya miƙa hannu ya ɗauki wani naman.

Na tashi na fita waje. Ban taɓa jin na tsani dattijo ba sai ran nan, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu ina fama da zuciyata a kansa. Magana ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya san ɗan'uwansa ne, ya san abin da ya roƙa, ya zauna yana kallo aka kore shi daga gidan ubansu yana gawa. Mama da ta ji, cewa kawai ta yi in nata mutuwar ta zo kada wanda ya kai ta ƙauyen.

Abin da na koya shi ne, takarda ba ta san dangi ba. Abin da wani baƙo ya gani ran nan ya rubuta, shi ke ciki, sai ka san yadda ake rubutawa a lokacin kafin ka san abin da take nufi. Masu tonon tarihin gida, ku duba takardu, amma kada ku baza wadda ba ku gane ba a gaban dangi, don ba kowa ke neman gaskiya ba. Ku kuma dattawa, shirunku a inda kuka san gaskiya zalunci ne, ku daina kiransa zaman lafiya. Kuma ku tambayi iyayenku tun suna da rai. Shekara da shekaru Babana na zaune a Kamazou, keke ɗaya ke kai ni ƙofarsa, ban taɓa tambayarsa wa ya kai shi makaranta ba.